Yatsu Huɗu a Jikin Kumbo

Abba, sunanka na yanka Idrisu ne, amma ba za ka taɓa jin na kira ka da shi ba, domin kai ne ɗan farina, kuma sunan mutumin da ya riƙe ni ne. Alƙalami dai ba ya jin kunya, shi ya sa na bar shi ya rubuta. Watanka bakwai a duniya yau da nake wannan babi, ni kuwa ban kai shekarun da mutum ke zama ya ba da tarihinsa ba. Abin da ya sa na gaggauta shi ne labarin da zan ba ka ya riga ni yawo a Hayyin Ashir, unguwar su Baba a nan Alƙahira, kuma ya rabu gida biyu. Wasu na cewa tsoho makaho ne ya toshe wa yaron da ya riƙa hanyar arziki. Wasu na cewa Misirawa ne suka yi mini ƙulli don ni baƙo ne. Duka biyun ba haka aka yi ba, kuma ba na so ka fara jin ɗayansu a bakin masu shayi kafin ka ji nawa.

Na sauka Alƙahira daga Katsina da akwati ɗaya da takardar shiga babbar jami'ar da ke Giza, inda zan karanci tarmim, wato ilimin adana kayan tarihi da gyara su. Ɗakin kwanan ɗalibai da aka yi mini alkawari bai samu ba. Wani limami ne ya haɗa ni da Baba Idrisu, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso da ƙafa don aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gari. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausa yake yi da matarsa Inna Sakina, Hausa mai tafiya da Larabci a kafaɗa. Gidansu na haya yana hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo, 'ya'yansu kuma duk sun yi aure sun watse. Suka ba ni ɗaki ɗaya bisa sharaɗin mako biyu. Na yi shekara biyar.

A ƙarƙashin matattakalar benen Baba yake da shago, wanda faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannuwansa biyu ba. Da rediyo ya fara tun yana saurayi a birnin Omdurman na Sudan, daga baya ya ƙara da talabijin da fanka da dutsen guga. Kafin zuwana ciwon suga ya cinye masa ido, amma bai rufe shagon ba, ya koma aiki da yatsu. Na sha ganin ya bi cikin rediyo da ɗan yatsa kamar mai bin layin karatu, ya tsaya a wuri ɗaya ya ce nan ne, kuma nan ɗin ne. Doka ɗaya ce a shagon: idan an buɗe cikin kaya, babu mai kai hannu sai shi. Yana da wata 'yar sandar gora a gefen cinyarsa, kuma yana jin motsin hannun mutum tun kafin ya isa. Ko mai kayan ne, sai ya sha ta a bayan hannu.

"Ido naka ne," yakan ce, "hannu nawa ne. In ka iya, me ya kawo ka?"

Shi ya laƙaba mini Malam Daidai, saboda ina jera takalma a bakin ƙofa, kuma idan Inna ta ce in ɗauko ruwa a tallaja sai in ce firiji. Bai daina kirana da sunan ba har ya bar duniya. Akwai kuma wata al'ada tasa da nake so ka riƙe, domin a kanta komai ya rataya. Kowace Juma'a, bayan ya yi wanka ya sa farar jallabiya, sai ya ciro wata 'yar kwalbar man sandal daga aljihu, ya ɗiga a tafinsa, ya murza, ya shafi gemu, sannan ya lalubo hannuwana biyu ya shafa mini ragowar. Haka mahaifinsa ya yi masa, haka shi ma ya yi wa 'ya'yansa. Ƙamshin ya kama labule da kujeru, ya kama littattafaina. Bayan shekara guda hancina ya daina jin sa, kamar yadda kowa ba ya jin ƙamshin gidansu.

A shekarata ta ƙarshe wani baje-koli na kayan sararin samaniya, mai zagaya ƙasashe, ya sauka a wani gidan tarihi na kimiyya a birnin nan na wata huɗu. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin ba su yi laifin komai ba. Yawancin kayan na kwaikwayo ne, amma a tsakiyar zauren akwai abu ɗaya na gaske, wani tsohon kumbo da ya taɓa ɗaukar mutane ya fita da su daga duniya ya kuma dawo da su. Aro aka ba da shi daga gidan tarihin ƙasar da ta ƙera shi. Malamarmu, Daktora Nahid, ita aka ɗora wa kula da lafiyarsa. Mace ce gajera mai furfura, ba ta ɗaga murya, kuma tana da wata magana da take maimaita wa kowane aji.

"Ɓarawo sau ɗaya yake zuwa," in ji ta. "Masoyi kullum yana nan, kuma da hannu yake nuna so. Shi za ku tsare."

Ta ɗauki ɗalibai uku su taimaka mata, ina cikinsu. An kuma shaida mana cewa idan baje-kolin ya tashi, ɗaya daga cikinmu zai bi kumbon, ya yi shekara yana koyon aiki a gidan tarihin da ya mallake shi. A wata na biyu Daktora ta kira ni ofishinta ta ce sunana ta rubuta. A ranar Inna ta yi kisira, wato sinasir ɗin Sudan, da miyar kuɓewa, ta aika wa maƙwabta har hawa na biyu.

Kumbon kamar ƙaton mazurari yake da aka kifa, girmansa bai kai mikrobas, 'yar bas ɗin haya ta nan, ba. An kishingiɗar da shi don a riƙa ganin gindinsa mai faɗi, wanda shi ne ya tari wuta lokacin dawowa. An yi gindin ne don ya ƙone a madadin mutanen da ke ciki, kuma abin da ya rage gawayi ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, mai shanye duk abin da ya taɓa shi. A lokacin babu gilashi a kansa, igiya ce kawai a kewaye, taku ɗaya tsakaninta da shi. An kuma kafa 'yar matattakala a gefe, inda 'yan makaranta ke hawa ɗaya bayan ɗaya su leƙa ta tagar kumbon su ga kujerun da aka kwanta a kai. Da yamma idan na dawo, muna cin abinci, Baba yakan sa ni in kwatanta masa.

"Wane irin ƙarfe ne?"

"Ba duka ne ƙarfe ba, Baba. Gindin wani haɗi ne mai kama da busasshen danƙo."

"Mai kama da. Kullum mai kama da. Da noti aka ɗaure jikin, ko walda aka yi?"

"Da noti."

"Kan notin a shafe yake da jikin, ko a tashe?"

Ban sani ba. Wata biyu ina kallon abin kullum, ina rubuta zafinsa da danshinsa, ban taɓa lura ba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa Inna ta ji masu ido. Daga nan ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Yana yaro a garinsu na bakin Nilu, rediyo ɗaya ce a unguwar, a shagon wani tela. A nan suka ji an ce mutum ya taka wata. Dattawa suka yi ta gardama har la'asar, mahaifinsa kuwa ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce akwatin ƙarya yake.

"Ni kuma na ce a raina sai na buɗe akwatin nan na ga inda ƙaryar take zama," in ji Baba. "Shi ya sa ni wannan sana'a. Shekara hamsin ina buɗewa, ban same ta ba." Ya juyo da fuskarsa inda nake. "Kai ni in gani, Malam Daidai."

Na san abin da gani yake nufi a wurinsa. Na ce masa ko ni ba na taɓa shi sai da safar hannu, kuma sai Daktora na tsaye.

"Tamam," ya ce. "Doka doka ce."

Bai sake tayar da maganar ba, amma bai sake tambayata komai game da kumbon ba. Idan na fara labari sai ya ce a miƙo masa gishiri. Mako guda ana haka, sai Inna ta tare ni a kicin ina wanke kofuna.

"Ba gori nake maka ba, ɗana," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Amma shekara biyar ɗin nan, ya taɓa roƙon ka wani abu?"

"Bai taɓa ba, Inna."

"To. Ni dai na faɗi nawa. Ka wanke bayan kofin ma, ba cikin kawai ba."

A wurinmu, wanda Allah ya tsayar a bakin wata ƙofa, idan bai buɗa wa nasa ba sai a ce ya manta mafari. Da wannan aka raine ni, kuma har yau ban ce mugun abu ba ne. Amma akwai hanyar da ban bi ba, wato in je wurin Daktora in roƙe ta. Na yi tunanin haka sau da yawa, na fasa, domin na ji tsoron idan ta ce a'a ƙofar ta rufu ke nan, ba ni da bakin cewa ban sani ba. Wannan shi ne laifina na farko, kuma na yi shi ne ido buɗe.

Ranar Juma'a ba a buɗe gidan tarihin ga jama'a sai bayan an sauko daga masallaci, amma dole ɗayanmu ya je da hantsi ya duba na'urar auna zafi da danshi. Da layi ya zo kaina, na ce wa Baba ya shirya. Bai tambaye ni ina za mu ba. Ya yi wanka, ya sa jallabiya, ya naɗa rawaninsa irin na Sudan, ya ciro kwalba ya ɗiga ya murza ya shafi gemu, ya kamo hannuwana ya shafa mini, kamar kowace Juma'a. Muka shiga mikrobas. Rediyon direban na ta shashsheƙa, Baba ya jure har muka yi nisa, sannan ya kasa.

"Ya usta, wayar eriyarka ta kwance. Ka kawo mini ita Hayyin Ashir, ƙarƙashin bene, in raba ka da wannan azaba."

"Haka na saye ta, ya hajj," in ji direban.

"To an cuce ka tun daga farko."

Duk motar aka yi dariya. A ƙofar gidan tarihin mai gadi Ammu Ragab ya tambaye ni ko Baba mahaifina ne, na ce i, ya yi masa maraba ya buɗe mana. Bai tambayi izini ba, domin bai taɓa ganin na karya doka ba. Na shiga ɗakin aiki na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu, kamar yadda nake yi kullum ba tare da tunani ba, na ɗauko safar hannu biyu-biyu. Ban ce wa Baba ya wanke nasa ba. Na sha tambayar kaina dalili. Yaro ba ya cewa babba ya je ya wanke hannu, wannan gaskiya ne, amma gaskiyar da ta fi ita ce ban tuna da man ba sam. Ƙamshin na tare da mu a cikin zauren, ni kuwa ba na jin sa.

Na ɗaga igiya na shigar da shi. Ya sa safar, na ɗora hannunsa a jikin ƙarfen, ya bi shi a hankali daga taga zuwa ƙasa. Can ya tsaya.

"Malam Daidai, ka ɗaure wa mai ido ƙyalle ka ce ya dubi jinjirin wata." Ya ɗaga hannun dama. "In cire?"

Ka lura da wannan, Abba, domin masu shayi ba sa faɗin sa. Ya tambaya. Mutum ne mai doka a shagonsa, ba zai karya ta wani ba sai an ba shi izini. Ni ne na ce, "Cire, Baba, amma a hankali."

Ya fara da kan noti, ya shafa shi da babban yatsa, ya ce a shafe yake, kuma wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Sannan ya gangara ya kai gefen gindin, ya ɗora yatsu huɗu da gefen tafi a kan gawayin. Bai danna ba, bai goga ba. Na ƙirga numfashinsa huɗu kafin ya ɗauke.

"Ashe a kan gawayi suka kwanta," ya ce a hankali. "Allah ya jiƙan babana. Akwatin bai yi ƙarya ba."

Na duba wurin da kyau, ban ga komai ba, baƙi ne a kan baƙi. Muka fita muka yi sallah a wani masallaci na kusa. Bayan an idar ya ja ni wurin mai matse rake, ya sha babban kofi, abin da likita ya hana shi, ya ce idan na gaya wa Inna ba ni ba shi. A mikrobas na dawowa ya yi ta kwatanta wa wani fasinja kumbon, dalla-dalla, fiye da yadda ni na taɓa iyawa. Cikin shekara biyar da na yi a gidan, ban ga ranar da ya yi farin ciki kamar wannan ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma haka.

Ranar Lahadi da safe Daktora ta yi zagayenta na mako, tana haska jikin kumbon da tocila daga gefe, yadda kowane tabo ke fitowa. Ta tsaya a gindin ta daɗe. Man ya riga ya nitse cikin ramukan ya bazu, yatsu huɗu da gefen tafi suka fito suna ɗan ƙyalli. Ta sunkuya, ba ta taɓa ba, ta shaƙa.

"Sandal," ta ce.

Ta tara mu ukun da Ammu Ragab. Ta ce akwai kyamara a zauren, ba ta nemi a buɗe mata ba tukuna, ta fi so ta ji daga baki. Ammu Ragab ya sunkuyar da kai, mutum mai iyali da ya tsufa a bakin ƙofar nan. Na ce ni ne, na faɗi yadda aka yi daga farko har ƙarshe, na ce shi bai san komai ba. Ba na so ka ɗauki wannan jarumta. Kyamarar na nan, rigar jikina ma ƙamshin take yi. Da babu su ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan rubuta maka abin da ban sani ba.

Ta sallami sauran ta bar ni.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba, ya Mukhtar?"

"Na ji tsoron za ki ce a'a."

"Ga gindin, da na ce a'a. Amma ga marfin ƙofar kumbon nan, ƙarfe ne zalla. Da na rubuta wa masu shi na nemi izini, da na wanke masa hannu da kaina na ɗora shi a kai." Ta kashe tocilar. "Ka yanke mini hukunci ba ka saurare ni ba."

Tabon bai goguwa. Duk sinadarin da zai narkar da man, ko ya tura shi ciki ko ya marmashe gawayin. Masu kumbon suka ce a bar shi yadda yake, a ɗauki hotonsa a rubuta a takardar lafiyarsa. Suka kuma ce ba za a ci gaba da nuna shi a fili ba. Cikin kwana goma aka kewaye shi da gilashi, aka janye igiyar baya, aka cire 'yar matattakalar. An bar ni in kammala digirina, amma an cire ni daga zauren, kuma wata abokiyar karatuna ce ta bi kumbon. Ta cancanta. Sau ɗaya na koma, na sayi tikiti kamar kowa. Na ga 'yan makaranta suna ɗage a kan yatsun ƙafa, suna neman tagar da 'yan ajin da suka riga su zuwa suka ba su labari, ba sa ganin komai sai hasken fitila da fuskokinsu a gilashi. Ban san adadinsu ba a watannin da suka rage. Ni na cire musu matattakalar.

A gida na ce an fasa tafiyar, ban ƙara komai ba. Inna ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Baba ya ce takuna ya sauya a matattakala, na ce gajiya ce. Juma'a biyu na fice da wuri kafin ya yi wanka. A ta uku ya riga ni shiryawa. Ya ɗiga man ya murza, ya lalubo hannuwana, sai kawai na ji na janye su. Ban yi niyya ba, jikina ne ya yi. Hannuwansa suka tsaya a iska.

"Me sandal ya yi maka?"

Na gaya masa. Inna na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Shi kuma ya nemi kujera ya zauna.

"Wane hannu?"

"Na dama, Baba."

"Yatsu nawa?"

"Huɗu, da gefen tafi."

"Kuma ba ya fita."

"Ba ya fita."

Ya buɗe tafin ya riƙe shi a gabansa kamar mai duba shi. "Shekara hamsin," ya ce, "ban taɓa mayar wa mutum kayansa da aibin da bai zo da shi ba."

Na ce laifina ne, ni na ce ya cire. Ya ce in yi shiru, hannu nasa ne. Ranar Lahadi ya sa na kai shi wurin Daktora. Kafin mu fita ya wanke hannunsa sau uku da sabulun wanki, har Inna ta ce zai saɓule fatar. A ofishin bai yarda ya zauna ba sai da ya faɗi abin da ya kawo shi, da Larabcinsa na Omdurman.

"Ya Daktora, ni mai gyara ne. Abin da na ɓata, ni ke gyara shi."

"Wannan ba ya gyaruwa, ya hajj."

"To ki mayar da yaron. Shekara biyar yana jera takalma a gidana, sau ɗaya ya karkace."

"Na sani, ni na zaɓe shi. Amma idan na mayar da shi, na koya wa sauran cewa doka tana da ƙofar baya."

Baba ya juya sandarsa tsakanin tafukansa. Na zaci zai sake roƙo.

"Da a shagona ne," ya ce, "haka zan yi. Yalla, mu tafi, Malam Daidai."

Mun kai ƙofa ta tsayar da mu. Ta ce shekara talatin tana wannan aiki, ba ta taɓa sa fatar hannunta a kan abin da aka ba ta amana ba, kuma ba za ta sa ba. Amma tun da shi ya riga ya taɓa, tana so ta sani, yaya yake?

"Kamar gurasar da aka manta a tanda," in ji Baba, "bayan ta huce."

Ta gyaɗa kai ta yi masa godiya. Ba ta rubuta ba.

Daga ranar Baba bai sake zuba sandal a tafinsa ba. Da tsinken kwalbar yake ɗan taɓa gemu, ya rufe ya mayar aljihu, kuma bai sake neman hannuwana ba. Na yi ta tsayawa kusa da shi ranar Juma'a ina jira, kunya ta hana ni roƙo, shi kuma ina jin yana ganin ya sauke mini nauyi ne. Zafin tafiyar da na rasa ya daɗe da barina. Wannan kuwa yana nan. Ya rasu bayan shekara biyu, da azumi, aka kai shi maƙabartar da ke gabas da birni, nesa da Nilun da aka haife shi a bakinsa. Kumbon ya koma ƙasarsa, yana cikin gilashi, kuma a takardarsa akwai layin da ya ce yatsu huɗu na dama, man turare, Alƙahira. Ba a rubuta sunan mai yatsun ba. Na rubuta maka shi a layin farko na wannan babi.

Daktora Nahid ce da kanta ta rubuta mini takardar shaida bayan shekara guda, ta faɗi abin da na yi a ciki ba ta rage ba, kuma da ita na samu aikin da nake yi yanzu a wani ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Mutanenmu na zuwa, ɗalibai da malamai, wasu sun girme wa mahaifina, suna so su shafi shafin da wani malami ya rubuta tun zamanin kakanni. Ina ce musu a'a, kuma na san abin da ake faɗa a kaina a Hayyin Ashir. Idan abu ne da za a iya taɓawa, ina hawa bene in nemi izini, ko da na tabbata za a hana, sannan in kai mutum bakin famfo in zuba masa ruwa da kaina. Na gano cewa idan kai ka riƙe butar, babba ba ya jin an raina shi.

Ranar sunanka Inna Sakina ta zo da kwalbar a ƙulle a bakin mayafinta, saura kamar sulusi a ciki. Bayan an watse ta ce in miƙo hannu. Ta ɗiga mini a tafi, da yawa, irin ɗigin Baba.

"Shafa wa mai sunan," ta ce.

Na murza, na buɗe 'yan tafukanka na shafa maka, ka damƙe mini yatsa ka ƙi saki. A lokacin ne na ji ƙamshin, karo na farko cikin shekaru, domin na daɗe da barin gidan.

Washegari na je wurin aiki, na wanke hannu sau uku, sannan na shiga wurin shugabana na ce yau ba zan taɓa takarda ba, a ba ni aikin share ɗaki. Ya tambaye ni dalili. Na ce hannuna akwai mai.